Fulas Ɗin Da Ya Yi Umra

Abhur, Jidda
Juma'a, bayan an sauko daga masallaci

Assalamu alaikum jama'ar Kukar Magaji baki ɗaya, na gabas da na yamma, masu soro da masu danga, masu babur da masu jaki, masu haƙora da waɗanda sai kunu. Naku ne ke magana, Alhaji Salihu na Inna, sarkin direbobin Abhur, wanda in ya taka mota kwalta ke cewa sannu da zuwa, wanda Larabawa ke tambayarsa hanya a garin ubansu. Ina gaida liman da ladan, ina gaida mai gari da bafadensa, ina gaida 'yan majalisar gindin kuka masu gyara duniya a zaune, ina gaida matan bakin famfo da duk wanda suka ci namansa yau da safe. Akuyar liman mai cin sabulu ma ina gaisheta. Kowa ya miƙo hannu ya karɓi tasa gaisuwar, kar ayi rububi, da yawa na aiko kuma ba'a caje ni kuɗin kilo ba.

Bayan haka Yaya Zubaidatu, takardar taki ce ke kaɗai, su gaisuwa ce rabonsu. Ina fata ta sameki lafiya ƙalau ke da yara, Allah ya ƙara lafiya da rufin asiri, ya raba mu da sharrin na nesa da na kusa. Yaya jikin Inna da gwiwar nan tata? Man da na aiko ki tabbata shafawa takeyi ba rabawa maƙwabta ba, dan na santa, ko allura aka bata sai ta nemi wanda zata bawa rabi. Yaya ƙafar mai gidanki Malam Sanusi? Naji ance har yanzu bai koma gona ba, Allah ya tashi kafaɗunsa yasa kaffara ne. 'Yarki Zakiya kuma naji ta shiga sakandire, ki gaya mata ƙwaƙwalwar kawunta ta ɗauko, ta gode wa Allah. Rubutuna dai kin sanshi, inda harafi ya gudu ki cike da naki.

Ni nan lafiyata lau, har tumbi na ajiye, in kika ganni cikin farar jallabiya sai kin rantse wani mai rijiyar mai ne. Zafi ne kawai da gumin nan na Jidda, mutum ya fito wanka kafin yasa riga yana neman wani wankan. Aiki yana nan yadda kika sani a gidan kafilina, wato ubangidana Abu Fawaz, in kai 'yarsa Lujain jami'a, in kai uwargida gidan 'yan'uwa, in dawo in zauna bakin ƙofa ina karɓar kwalaye. Dan mutanen nan basa zuwa kasuwa Yaya, ko tsinken sakace a waya suke saya, mandubi mai kawo kaya ya iso yana danna ƙararrawa kamar an biyo shi. Kuma kwalayen nan su suka jawo wannan takarda.

Yanzu in da ƙarfi kike karantawa mutane naji, tsaya nan. Kice musu Salihu yace halas, wato an gama, sauran bayanin maganin Inna ne, kowa ya kama gabansa. Ki shiga ɗaki ki saki labule. Kinsan rabona da biro tun ina cike takardar fasfo, ba banza na zauna ina zufa akan takarda ba alhali ga waya a aljihuna. Wayar gidanmu ce ban yarda da ita ba yanzu. Saƙo in na turo sai ya kwana a shagon cajin ƙaninmu Mus'ab, ya bi hannun wannan ya bi hannun wancan kafin ya isa kunnenki. Ruwa baya tsami banza, ki biyo ni kiji.

Kwanakin baya ayarin 'yan umra na wajenmu suka sauko Jidda zasu hau jirgi, aka sauke su wani masauki kusa da kasuwar Balad dan suyi tsaraba. Naji ance Gwaggo A'i mai ƙosai tana ciki. Nace to yau Gwaggo zata san tana da ɗa a Jidda. Na nemi izini, na fesa turare, na sayi shinkafar bukhari da gasasshiyar kaza, na shiga ina taku ɗai-ɗai. Na durƙusa na gaisheta nace Gwaggo anyi umra lafiya, Allah ya karɓa. Matar nan ko amin bata ce ba. Ta jawo jakar bakko daga ƙarƙashin gado, ta tona ta tona, ta fito da kwalin fulas ɗin shayi ta dangwarar a gabana. Tace in karɓi abina. Tace ta zuba shayi da asuba kafin hantsi ya koma kamar ruwan randa, da ƙwarya ta zuba ta rufe da faifai ma da ya fi haka zafi. Tace tun daga Kukar Magaji ta ɗauko shi, yaje Madina yaje Makka, dan ta rantse sai ta danƙa shi a hannun wanda ya sayar mata. Tace banji kunyar furfurarta ba, ita da ta goya ni ina mata fitsari a baya. Duk wannan a gaban mata cike da ɗaki, har da wasu 'yan Gumel da ban taɓa gani ba suna cin kazata suna kallona.

Na ɗauka tsokana ce, nayi dariya nace Gwaggo fulas ɗin da yayi umra ai ba'a mayar dashi, tabarruki ne, ki rataye a ɗaki. Ba wanda ya taya ni dariyar. Nace wai ni yaushe na sayar miki da fulas? Sai ta kwance bakin zani ta ciro waya, ta bawa wata ta lalubo mata, aka miƙo min. Yaya, ni ne. Ni ɗin nan ɗan Inna, a ƙofar gidan Abu Fawaz, nasa baƙin gilashi, na ɗora ƙafa ɗaya akan kwali, kwalayen Lujain tsibi guda a gefena, motar gidan a bayana lambarta tar, lambar gidan ma gata a jikin bango. Kin tuna hoton ai, bara na turo shi da murya ina cewa kayana sun sauka daga jirgin ruwa, mai son firji ya ɗaga hannu. Kowa a gidanmu yasan bakina yasan wasa ne. To a ƙarƙashinsa an rubuta wai kayan Jidda gangariya daga hannun Alhaji Salihu, ba jabu ba algus. Aka matsa gaba, ga wani ina riƙe da bargo, ga wani ina shan shayi a kujerar lambu, ga fulas, ga kuloli, ga dardumai, kowanne da fuskata kusa dashi ina washe baki kamar ango.

Abinda na fara tambaya shine, Gwaggo a Kukar Magaji da wane sabis ɗin? Garin da in zan kira Inna sai anyi alƙawari tun jiya an hau tudu? Tace ni ne na daɗe banzo ba. Tace aduwar nan ta bayan firamare, wadda muke jifa muna yara, yanzu ita ce kasuwar mata. Akwai reshe guda da sabis ke sauka akai, shi kaɗai, in ka matsa kaɗan sai na Nijar ya cafke ka ya lashe katinka. Sun ɗaura igiya da ƙwarya, bayan la'asar asa waya a ciki aja sama, a zauna ana tsifa ana ɓarar gyaɗa. Hoto ɗaya kafin ya gama shigowa mace ta gama kitson gefe guda. In an sauko da ƙwaryar sai a haɗa kai a duba, mai so tayi magana a wayar tace a ajiye mata ja ko kore, a sake ja sama saƙon ya tafi. Wai har marasa waya suna sa hannu a sayen data, karo-karo kamar adashi. Wallahi Yaya da ba fuskata ke hawa da sauka a ƙwaryar nan ba da nayi dariya har na faɗi.

Nace to Gwaggo duk wannan wahala ta mecece, kasuwar Maigatari ta tashi ne? Ku da ko kaza sai kun ɗaga kunji nauyi kun hura gashin ƙirji, ku da kuke ja da mai gishiri akan gyara, yau ku ne masu sayen abu a hoto? Tace in rufe mata baki bansan komai ba. Tace da damina hanyar sai jaki, da rani motar sai ta cika ta batse take tashi, kuma mace ta bar kaskon ƙosai ta tafi yini guda saboda fulas ɗaya? In ka aiki namiji kuma kace ja sai ya dawo da ruwan ƙasa yace ai duk launi ne. Tace ga kuma ido, in kika je kasuwa kika haɗo wa 'yarki kayan ɗaki kafin ki sauko daga mota gari ya gama sanin kulolinki, wannan kuwa a naɗe yake zuwa ba mai sanin na wacece. Amma tace duk wannan ba shine ba. Tace wani ya taɓa zuwa daga birni da irin wannan cinikin na waya, ko kallonsa basuyi ba, dan basu san kowa nasa ba, in ya cinye musu ina zasu ganshi? Da suka ga ni ne kuwa sai suka ce ai Salihu na Inna ne, in ya cuce mu mun san ɗakin uwarsa.

Ni dai nasan fuskata tana da kasuwa, tun ina saurayi 'yan mata ke ƙara min gyaɗa a talla, amma bansan har jingina ake bayarwa da ita ba a haɗa da ɗakin Inna. Kinga mutanen nan na Jidda zafi da son jiki ne suka sasu saye a waya, kuma in abu baiyi ba mandubi ya dawo ya ɗauka. Namu ba wayar suka yarda da ita ba, ba kuma aduwar ba, ni suka yarda dani, ni kuwa ko murfin fulas ban taɓa aikawa kowa na sayarwa ba. Na tambayi Gwaggo wa ke amsa musu. Tace layin ba'a ɗaga kira, ba'a jin muryar kowa, sai dai a rubuto ace Alhaji yana tuƙi. Kaya kuma washegarin kasuwa ake ɗauka a shagon Mus'ab, acan ake barin kuɗin.

To kinga biri yayi kama da mutum. Na kamo hanyar Abhur da kwalin a gefena ina shirya wa Mus'ab zagi kala-kala har na wuce kwanar gidanmu. Hotunan nan wayar gida kaɗai na turawa, wayar gida kuma a shagonsa take caji. Amma da na zauna nasha ruwa sai na fara aunawa. Mus'ab fa, wanda baisan bambancin kula da tukunya ba? Wanda ya zaɓi kayan nan yasan abinda mace ke so, yasan wacece zata aurar da 'ya bayan girbi, yasan Gwaggo A'i bata sayen abu in ba mai fure ba. Mus'ab in ƙwallo ce ya sani. Hannunsa na ciki, wannan ko a gaban alƙali zan faɗa, amma kan ba nasa bane. Na zargi matar liman, na zargi malamar asibiti, har direban motar kasuwa na zarga, kowa na zuba shi sai inga bai cika mudu ba.

Sai na buɗe kwalin. Fulas ɗin dai ko makaho ya shafa yasan bai taɓa ganin Jidda ba sai da Gwaggo ta kawo shi, a gindinsa ma ga 'yar takardar wani shago na Kano ko ɓamɓarewa ba'ayi ba. Amma ba shi ya tsayar dani ba. Wanda ya shirya kwalin ya cusa ƙyallaye gefe da gefe dan kar kwalbar ciki ta fashe a hanya, ragowar yankan ɗinki, an ninke su tsaf ba'a cukuikuye ba. Ina zaro su sai ga wani kore mai zaren zinari. Yaya, leshin nan ni na saye shi da hannuna a Balad, sai da nasa ɗan Yamal ɗin ya sauko da rabin shagonsa kafin na zaɓa, kuma mutum ɗaya na aikawa shi da ƙaramar sallah. Bazan faɗi sunanta ba tunda ita ke karatu. Nasan zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya. Nasan ƙyalle yana da ƙafa, yara na ɗiba a ƙarƙashin keken ɗinkinki suyi 'yar tsana, Mus'ab ma na iya shigowa ya dumbuza. Nayi ta gaya wa kaina haka. Amma ninkin fa? Mus'ab ko rigarsa bai taɓa ninkewa ba.

Washegari na koma wajen Gwaggo kafin su tafi filin jirgi. A hanya na shirya zan rantse mata cewa bansan komai ba. Da na isa na ganta zaune akan jakarta sai na hango abinda zai biyo baya. Ta sauka Kukar Magaji, kafin ta cire takalmi matan gari sun cika shagon Mus'ab, Mus'ab kuwa tsawa ɗaya ta ishe shi ya nuna ƙofar da kayan ke fitowa, kuma in ƙofar da nake tsoro ce akwai mara lafiya kwance a bayanta. Hannunka baya ruɓewa ka yanke ka yar. Sai na haɗiye rantsuwata. Nace Gwaggo ki yafe, yaran sito ne sukayi kuskure. Na shiga Balad na sayo mata fulas na gaske mai fure, wanda in ta zuba shayi yau jikanta zai sha da zafi. Ta juya shi ta ƙwanƙwasa tasa kunne, sannan tasa min albarka, tace ita dama tasan tarbiyyar Inna bata zubewa, kuma zata gaya wa kowa Alhaji Salihu in kayansa suka lalace yana canzawa. Kinji fa. Yanzu duk mai zuwa umra daga ƙasar Gumel da buhun fasassun kuloli zai taho yana tambayar gidan Abu Fawaz.

Duk da haka da a Kukar Magaji abin ya tsaya wallahi da na barshi, ince fuskata tayi sadaka. Amma hoto baya zama inda aka ajiye shi. Akwai Mastura mai dafa abinci a gidan nan, Bahaushiya ce amma haihuwar Jidda, Hausarta rabi Larabci. Shekaranjiya ta kira ni bayan kicin ta nuna min ni ɗin dai da ƙafata akan kwali. Wata 'yar'uwarta a unguwar Kumra nan cikin Jidda ce ta turo mata, ita ma a wayar wata 'yar umra ta gani, wai tana tambaya ina shagon Alhajin yake kuma yana bada sari? Na fara cika baki nace kinga suna ya tsallake ƙasa da ƙasa. Tace inyi shiru wai ni miskini ne, bansan wutar da nake zaune akai ba. Tace a iƙamata, takardar zamana a ƙasar nan, direban gida aka rubuta, direba kuma in akaji yana kasuwanci da sunansa ba dogon zance ake ba, jirgi ake nuna masa. Tace wannan ma mai sauƙi ne, Abu Fawaz fa? Mutumin da ya sallami direban da na gada dan kawai ya ɗauki kansa bidiyo a cikin mota, shine zaiga ƙofar gidansa da lambar motarsa da kwalaye masu sunan 'yarsa a jiki suna yawo a wayoyin mutane? Tace ita ta goge nata ta kuma ja kunnen 'yar'uwar, amma ba ita ke da wayoyin Jidda ba.

Kuma kinsan bayan azumi iƙamata ke ƙarewa, sabuntawa sai kafili yaga dama. Tun daga nan ko abinci bana jin ɗanɗanonsa. Kowa ya kalle ni sai inga kamar ya gani. Mai gadin gidan kusa yace min ya tajir, wato ɗan kasuwa, bansani ba ko tsohon wasansa ne ko sabo. Jiya ina kai Lujain jami'a tana ta danna waya a baya, sai tayi 'yar dariya ta ɗago ta kalle ni ta madubi tace wai yau nayi kyau. Yarinyar da shekara da shekaru yalla mu tafi kawai take ce min! Saura kaɗan in hau bayan motar gabana. Abu Fawaz kuma yau da safe ya tsaya ya daɗe yana kallon lambar gidansa a bango kamar yau ya fara ganinta, sannan yace in wanke mota. Wataƙila ba komai. Wataƙila fenti yake dubawa. Amma ni da ake cewa ko ganga aka buga a kaina bana razana, yanzu ƙararrawar mandubi ma sai gabana ya faɗi. In aka sani a jirgi Yaya ba ni kaɗai aka sa ba, maganin Inna da makarantar Zakiya da buhun da ke shigowa gidanki duk tare zamu hau.

Dan haka ki saurare ni da kyau. Bance ke ce ba. In ba ke bace, kin fini sanin wadda ke ninke ƙyalle haka a gidanki. In kuma ke ce, bance kinyi sata ba. Nasan tunda Malam ya kwanta komai ya dawo kan keken nan, nasan ɗinki sai sallah, nasan halinki, gara ki kwana da yunwa da kice Salihu ƙaro. Kuma gaskiya wanda ya iya kafa kasuwa a reshen aduwa yana da kai, jininmu ne ba shakka, mu haka muke. Abinda ban yarda dashi ba shine kayan Kano ace na Jidda, a kuma sa gidan mutane a ciki. Matan nan sun riga sun saba, bazasu daina zuwa gindin aduwa ba. A gaya musu kayan Kano ne, a zaɓo masu kyau, mai sayarwa tasa tata fuskar, ba abin kunya bane. Nawa hotunan a goge, a tura saƙo ɗaya na ƙarshe ace Alhaji ya rufe shago kowa ya goge nasa. In sun tambayi dalili ace dokar Saudiyya ce, wannan ba ƙarya bace.

Ki gaida Inna ki riƙe mata hannu kice ɗanta yana nan daram, kar taji ko kalma ɗaya daga wannan. Ki gaida Malam Sanusi da jiki, shima a barshi yaji da ƙafarsa. Ki gaida Zakiya da ƙannenta, da Kawu Ilu da iyalinsa, da Gwaggo A'i in shayinta ya huce har ta samu bakin amsawa. Mus'ab ki gaishe shi da hannun hagu, sauran gaisuwar sai mun haɗu. Mastura tana gaisheki duk da bata sanki ba, tace Allah ya shirya. Takardar nan Malam Ɗanliti mai rako 'yan umra na bawa, na liƙe ta da salatif ta ko'ina, in kika ga an taɓa ki sani shima ya shiga cikin waɗanda nake zargi.

Saura abu ɗaya, kuma bazanyi kwana-kwana ba, roƙo ne. Ki aiko min da layin nan. Shi ɗin kansa, ɗan guntun da ake sawa a waya ana rubuta wa mata da sunana. Malam Ɗanliti zai dawo da 'yan umrar azumi, a cire shi ki tura cikin ƙullin yaji ki bashi, yajin yaji citta dan nawa ya ƙare. Kar ya wuce azumi Yaya, bayan azumi bashi da amfani a wurina. Ba sai kin rubuto komai ba, ba sai kin hau tudu kin kira ni ba. In na kwance yaji na ganshi zan karya shi in jefa a tekun Abhur, kuma har ƙasa ta rufe idona bazan tambayeki daga wayar wa ya fito ba. In kuma na kwance naga yaji zalla, to naji amsarki, sai kisa a share min ɗakina na zaure.

Allah ya bar zumunci, ya rufa mana asiri baki ɗaya.

Ƙaninki,
Alhaji Salihu na Inna
direba, wallahi direba kawai